Ta'aziyyar Aikin Otal

Ranar da Manaja ta tara mu ta ce mu yi wa aikin otal ta'aziyya, ko katako ɗaya ba a yanka ba tukuna. Ni dai a raina na ce shi ke nan, Yaya Ƙarami ya kwaso mana mai taɓin hankali, har da ba ta kujera a ofis.

Mu uku iyayenmu suka haifa, mu ukun ne kuma a kamfanin. Yaya Babba ne ya kafa wurin bayan rasuwar mahaifinmu, tun yana 'yar rumfar kwano da zarto da guduma. Da zarton nan ya ciyar da mu, ya riƙe Yaya Ƙarami a makaranta har ya ƙare, ni kuma ya saya mini keken ɗinki. Da Yaya Ƙarami ya dawo da iliminsa da bakinsa mai zaƙi, manyan ayyuka suka fara shigowa. Rumfa ta zama dogon ɗaki mai injina, aka yi ofis a gaba, ma'aikata suka koma kiransa Darakta. Yaya Babba ko a jikinsa, shi dai a bar shi da katakonsa, ma'aikata suna ce masa Baba. Ni ce Auta, ɓangaren ɗinki a hannuna yake: labule, rigar kujera, duk inda allura ke shiga.

Yaya Babba kafinta ne na gasken gaske. Gadon da ya haɗa sai dai a gaji da ganinsa a kyautar. Amma yana da wata amsa guda da ta kusa rusa mu. Ka ce masa, “Baba, kujerun nan fa?” ko kai ba zai ɗago ba zai ce, “An gama.” Direba ya juyo da mota da baya har bakin ƙofa, sai a tarar rabin kujerun ba ƙafafu. Allah ya sani ba ƙarya yake nufi ba. A cikin kansa an gama ɗin, tunda ya riga ya san yadda zai yi, saura hannu kawai. Hannun kuma nasa ne shi kaɗai, don duk haɗin da wani kafinta ya yi sai ya bi ya kwance ya sake.

Shi kuwa Darakta, mutumin da ke tsayawa gaban manyan 'yan kasuwa ya yi ta zuba ko gezau, da zarar ya zo gaban Yaya Babba sai ya koma ɗan firamare. Ya tambaya sau ɗaya, a ce masa an gama, ya ce to madalla, ya koma ofis yana cizon yatsa. Haka muka yi ta makara da ayyukan mutane har wasu suka daina gaishe mu a hanya.

Sai ga aikin otal. Sabon gini ne mai benaye, kowane ɗaki gado da durowar kaya da kujera da labule, duk mu za mu yi. Mai otal ya riga ya sa ranar buɗewa, har baƙi sun kama ɗakuna. Ranar da aka ba mu aikin, Darakta ya rage mini hanya zuwa gida. Da muka iso ƙofar gidana ya kashe mota, ya riƙe sitiyari bai ce in sauka ba.

“Auta, idan aikin nan ya makara, zan zaunar da Yaya a gida.”

“Ka zaunar da wa?”

“Ki saurare ni. Ba abin da zai rasa. Za a riƙa kiransa uban kamfani, a kai masa duk abin da yake so har ɗaki. Amma ya bar wajen aiki.”

“Yaya Ƙarami, ka ji tsoron Allah. Mutumin da ko ranar hutu sai ya zo ya shafa katako kafin ya iya cin abinci? Ai gara ka haƙa rami ka sa shi da ransa.”

“Mutum nawa ke ci a wurin nan? In muka faɗi, da su za mu faɗi.”

Na sauka na bugo masa ƙofar mota da ƙarfin da na san zai ji a ransa. Na shiga gida na yi kuka, don na san yana da gaskiya, kuma na san Yaya Babba ba zai yi wata uku a zaune ba sai mun ɗauki gawarsa.

Cikin makon nan Yaya Ƙarami ya kawo Manaja. 'Yar gajeruwar mata ce, ba za ta girme ni ba, muryarta ƙasa-ƙasa, kullum da takalmi mara tsini kamar mai shirin doguwar tafiya. Na zata an kawo ta ne ta riƙe wuƙar da Darakta ya kasa riƙewa, don haka gaisuwarta ma da ƙyar nake amsawa. Ita kuwa ba ta ma zauna a ofishin ba. Ta wuni wajen mai fenti har atishawa ta kama ta. Ta bi direba kai kaya ta dawo da ƙura har gira. Ta zo ɗakin ɗinki ta zauna tana warware mana zare, tana tambayar abubuwan da har 'yan koyo sun sani, ba ta jin kunya. Wajen Yaya Babba kuwa gaisuwa kawai take yi, ta ɗan rusuna, ta wuce.

Wata safiya ta sa aka kashe injina. Muka taru a tsakiyar wajen aiki, wasu kan katako, wasu kan buhunan soso. Aka kawo shayi. Darakta ya tsaya jikin ƙofa, Yaya Babba yana kan kujerarsa mara jingina, fensir a bayan kunne.

“Sannunku da zuwa,” in ji ta. “Ina yi mana ta'aziyya. Aikin otal ya mutu. Ranar buɗewa ta zo ta wuce, baƙi sun iso sun tarar da ɗakuna wayam, mai otal ya kore mu kora ta wulaƙanci. An riga an yi, ba gyara. Yanzu kowa ya gaya mini me ya kashe shi.”

Direba ya ajiye kofinsa. “Subhanallahi! Manaja, wane irin baki ne wannan da sassafe? Aikin da ko bismillah ba a yi masa ba? Ki ce Allah ya kiyaye mana.”

“Allah ya kiyaye. To me ya kashe shi?”

Aka yi dariya, amma kowa ya ƙi cewa komai. Ta zauna a kan wani akwati ta ci gaba da kurɓar shayinta, sai ka ce yini guda ta tanada don wannan shirun. Can wani cikin kafintoci ya ce gobara ce ta tashi. Ta ce to, Allah ya jiƙan katako, ina abin kashe wutar yake? Aka duba aka ga tun bara ba komai a cikinsa. Wata cikin 'yan ɗinkina ta ce ɓeraye ne suka cinye labulen. Nan ma aka yi dariya, amma ni na san sito ɗinmu, na ƙudurta a raina ranar za a kwashe yadin daga ƙasa.

Da baki ya buɗe sai magana ta fara nauyi. Mai fenti, wanda shekara da shekaru ban taɓa jin ya haɗa jimla biyu ba, ya gyara murya.

“Ni abin da na gani, gadajen ba su iso wurina ba sai ana gobe buɗewa. Duk a lokaci ɗaya. Na fesa musu fenti a gurguje, aka loda su bai bushe ba, barguna suka manne a jiki.”

“Ni kuma,” direba ya karɓe, ya manta shi ne mai cewa a yi shiru, “na yi ta juyo da mota ana cewa in zo in ɗauka, ina komawa ba komai. Ranar ƙarshe aka ce in kwashe kayan otal guda a yini ɗaya. Ni jirgi ne?”

Ni ma na faɗi nawa, na ce labule na nan a ɗinke tun tuni amma ba a rataya labule a ɗakin da ake jan gado. Kowa ya yi ta kewaye-kewaye, ba wanda ya kalli inda Yaya Babba yake zaune. Rashin kallon ma ya fi kallon tsanani.

Manaja ta juya wajen ƙofa. “Yallaɓai, kai fa? Kana ina aikin ya mutu?”

Darakta ya kalli takalminsa. “Ina ofis,” ya ce. “Na zo na tambaya, aka ce mini an gama. Na san ba a gama ba. Na koma na zauna.”

Yaya Babba ya zare fensir daga bayan kunne, ya ajiye a kan teburin aikinsa a hankali, ya miƙe.

“To, tunda an gano wanda ya yi kisan, sai ku ƙarasa zaman ba da ni ba.”

Ya fita ta ƙofar baya, ko hularsa bai ɗauka ba.

Ban jira mutane sun gama watsewa ba na tare Manaja a bakin sito. Na wanke ta tas. Na ce mata wannan mutumin da ta kunyata a gaban yaransa, shi ya gina ƙasar da take takawa, in korarsa aka turo ta yi ta fito fili ta faɗa, ba sai ta haɗa da shayi ba. Ta bar ni har numfashina ya ƙare.

“Auta, kin ji wani ya ce Baba bai iya aiki ba?”

“Sai an faɗa?”

“Ni abin da na ji daban ne. Kowa a wurin nan tambaya ɗaya yake yi masa: an gama? Ke ki duba. Mutum ya raine ku, ya aurar da ku, sannan ƙaninsa ya tsaya a kansa gaban ma'aikata ya ce an gama? Me kike so ya ce? Ya ce a'a, na kasa? Ai ko ni ce ba zan faɗa ba.”

Kafin in amsa ta ɗora.

“Daga yau ba mai sake yi masa wannan tambayar,” ta ce. “Har Yallaɓai. Har ke.”

“In bai dawo ba fa?”

“Zai dawo. Ya bar gwangwanin gam ɗinsa a buɗe.”

Ya kuwa dawo washegari, fuskar nan a murtuke, ko gaisuwata bai amsa ba. Na laɓe bakin ƙofar ɗakin ɗinki, ta inda nake hango teburinsa. Manaja ta zo ta gaishe shi, ya amsa da ka. Ta jawo akwatinta ta zauna nesa kaɗan, tana kallon allon gadon da ya fara yi na gwaji.

“Baba, me ya rage a jikin wannan?”

Ya yi kamar bai ji ba. Ya auna, ya ja layi, ya sake aunawa. Ita ma ba ta ƙara ba. Amma Yaya Babba, a tambaye shi maganar katako ya yi shiru? Ba zai iya ba ko da fushi yake da duniya.

“Me ya rage? Komai ma ya rage. Ke a ganinki wannan gado ne? Ba a huda wurin haɗi ba. Ba a goge ba. Gefen nan sai an rage masa kaifi, in ba haka ba ya yage wa baƙo riga. Ƙafafun ma ba a fitar ba.”

Ya yi ta lissafowa yana nuna mata da yatsa, muryarsa tana saki. Ta tambaye shi wanne ne a ciki sai hannunsa. Ya ce duka. Ba ta yi musu ba. Ta ce to ya koya mata mafi sauƙi, ko gugar ce, don zaman banza ya ishe ta. Ya miƙo mata samfefa, takardar gugar katako, da wani guntun katako. Wallahi ban taɓa ganin guga mai muni irin tata ba, tana bin katakon a karkace kamar mai kankare tukunya. Yaya Babba ya jure, ya jure, ya kasa.

“Kai! Ke za ki kashe ni. Dogo! Zo ka nuna wa baiwar Allah nan yadda ake guga.”

Dogo, babba a cikin kafintocinsa, ya zo ya karɓa ya goge shi sumul cikin ɗan lokaci. Yaya Babba ya shafa da tafin hannu, ya sake shafawa, bai sami aibu ba.

“Ashe Dogo ya iya,” in ji Manaja, fuskarta ba alamar dariya.

“Wa ya koya masa?”

“Shi ne na gani. To Baba, in ya ɗauke maka gugar, kai sai ka ji da haɗin da ba mai iyawa.”

Ya harare ta ta saman tabarau. Ya gane sarai abin da ta yi masa, ita ma ta san ya gane. Ya tura wa Dogo tulin katakon da ƙafa ya ce ya kwashe daga gabansa. A wurin nan na fara son matar nan, ina laɓe ina toshe baki kada dariyata ta fito.

Daga nan tsarin wurin ya sauya, kuma ba da hayaniya ba. Kowace safiya kafin a tayar da injina mukan taru a tsaye, ba a ofis ba, a gaban teburin Yaya Babba, shi yana zaune. Ita ta zaɓi wurin, don ya zama mu ne muke zuwa gare shi. Kowa ya faɗi abin da ya rage masa da wanda yake jira. Ba a daɗewa, shayi ma bai gama hucewa. Idan mai fenti ya ce yana jiran ƙafafun gado, ba Manaja ke amsawa ba, sai ta kalli Dogo, su biyun su daidaita a gabanmu. Darakta ma ta hana shi zuwa da tambaya. In yana son sani, ya zo da safe ya tsaya a layi kamar kowa, ya faɗi nasa abin da ya rage, don shi ma ana jiransa da madubai da hannayen durowa.

Ta kuma hana a yi gadaje duka a gama sannan a koma durowa, yadda muka saba. Ta ce bene-bene za a bi. A haɗa kayan benen ƙasa cif, a fesa, su bushe, direba ya kai, mu bi da labule, a ja ƙofa. Yaya Babba ya yi ta mita, wai ana sa shi sauya saitin inji kamar mai dafa abinci kala-kala. Amma ranar da muka rufe ɗakin farko, ta sa aka kai shi ya gani. Ya zauna a bakin gadon, ya ɗan girgiza shi, ya ja labulena ya mayar. Ya ce ɗinkin ba laifi. A wurin Yaya Babba, ba laifi ita ce lambar yabo mafi girma.

Ba wai komai ya tafi sumul ba. Na yi faɗa da mai fenti a kan wani yadi da ya ɗiga wa fenti, har sai da Manaja ta zaunar da mu ta sa muka raba sito gida biyu da igiya. Yaya Babba ma wani lokacin tsohon halin kan motsa, a kama shi yana kwance haɗin Dogo a ɓoye. Ba ta taɓa yi masa magana a kai ba. Sai dai da safe ta ce, “Baba, jiya aiki ya ƙaru ko?” shi kuma ya ce ƙusa ce ta karkace.

Muna cikin samun kanmu sai direba ya dawo wata rana da durowa a bayan mota, gumi har wuya. Ya je kai kayan benen ƙarshe, ashe matattakalar can sama ta fi sauran matsewa, durowar ta ƙi juyawa a lanƙwasa. Sun gwada a tsaye, sun gwada a kwance, har sun ɗan kankare bango. Da a tsohon tsarinmu ne, sai ranar ƙarshe za mu sani. Yanzu ma ba wani lokaci ne mai yawa ya rage ba, ga durowoyin benen duka an riga an haɗa. Dole a raba kowace gida biyu, a yi mata haɗin da za a mayar a can sama ba tare da ido ya gane ba. Wannan kam har Manaja ta san ba aikin Dogo ba ne.

Yaya Babba ya duƙufa. Ya daina fita cin abinci, sai na kai masa har teburi in dawo in tarar ko taɓawa bai yi ba. Irin haɗin nan sai mutum biyu, ɗaya ya riƙe allon daram, ɗaya ya huda, ga Dogo da sauran suna kan gadaje, in aka ɗauke su can ma a tsaya. Shi kaɗai yake fama, ya danne da gwiwa, ya tokare da kafaɗa. Ina ganin yadda yake dafa ƙugu in zai miƙe. Na roƙi Manaja ta tura masa mutum ko bai nema ba.

“In na tura, zai kore shi,” ta ce. “Kin fi ni saninsa.”

“To sai mu zuba ido ya karye?”

“Ina tambayarsa kullum. Ranar da ya faɗa, ko waye ya ambata zan ba shi.”

Na ga idonta ya faɗa, na gane ita ma a kan ƙaya take, ta dai fi ni iya ɓoyewa.

Safiyar da abin ya faru, Darakta ya iso taron a makare, cikin farar riga mai guga, wayarsa tana ta ruri a hannu. Mai otal ne, yana son ya ji ko ya ɗage ranar buɗewa ko ya bari. Kowa ya faɗi nasa. Aka zo kan Yaya Babba.

“Baba, me ya rage?”

Ya kalli durowoyin da ke jere jikin bango. Na ga leɓensa ya motsa, na kuwa san amsar da ta saba fita daga bakin nan. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

“Da yawa,” ya ce. “Ya fi ƙarfina ni kaɗai.”

Tunda nake a duniya ban taɓa jin Yaya Babba ya ce wani abu ya fi ƙarfinsa ba, ko ranar da muka binne mahaifiyarmu.

“Wa kake so?” in ji Manaja, a hankali.

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce Dogo, ya wuce direba, ya tsaya a kan farar rigar.

“Wancan. Kafin ya zama Darakta shi ke riƙe mini katako. Hannunsa ba ya rawa. Kai, cire rigar nan.”

Wayar ta sake ɗaukar ruri. Manaja ta miƙa hannu, Darakta ya ɗora mata a tafi kamar yaron da aka kama da abin wasa a aji. Ta koma gefe ta amsa, na ji tana cewa, “Ranka ya daɗe, Darakta yana cikin aiki. Kada ka ɗage ranarka.” Sannan ta yi wa sauran alama kowa ya kama gabansa. Injina suka tashi.

Ni kam ban tafi ba, na tsaya ina ninke rigar da aka miƙo mini. Yaya Ƙarami ya durƙusa da singileti a cikin garin katako, ya rungumi allon durowa, ya kafa gwiwa daidai inda ake kafawa ba tare da an nuna masa ba. Yaya Babba ya ɗora abin huda a kan layi. Bai fara ba.

“Na san abin da ka shirya mini,” ya ce, idonsa a kan katako.

Yaya Ƙarami ya ɗago ya kalle ni.

“Kada ka kalle ta, ba ta faɗa ba. Auta ce, tun tana goye komai a fuskarta yake. In za ka zaunar da ni, ka bari in ga an rufe ɗakin ƙarshe tukuna.”

Kafaɗun Yaya Ƙarami suka fara rawa. Babban mutum, mai 'ya'ya a jami'a, hawaye na ɗiga a kan allon otal.

“Yaya, ka yafe mini. Wallahi na janye. Ba inda za ka.”

“Ban tambaye ka ba,” in ji Yaya Babba. “Riƙe da kyau, kana karkatar mini da katako.”